Ni Na Tura Matan Unguwarmu Rumfar Zaɓen da Ba Tasu Ba

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu bibiyar shafin nan. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a fara yi min wa'azi a ji ta bakina tukuna.

Ni ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar gwamnati a Abuja, ina zaune a Kuje da iyayena. Babana yana da rumfar tireda a bakin titi, da ita ya biya min makaranta. Wata safiya aka zo da motar rusau aka kwashe layin gaba ɗaya, sai rumfa guda aka bari, ta surukin kansilan mazaɓarmu. Na je wurin kansilan har gida, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Honarabul, ka taimaka a ba Baba wani wuri, tsoho ne." Ya dube ni a gaban mutanensa ya ce, "Hajiya, ke kin zaɓe ni ne? Ku 'yan ofis ranar zaɓen kansila barci kuke yi, sai abu ya same ku ku tuna da mu." Aka kwashe da dariya. Abin da ya fi ƙona min rai, gaskiya ya faɗa. Katin zaɓena ma na Mararaba ne, inda muka zauna a da, ban taɓa damuwa in mayar da shi Kuje ba, a ganina zaɓen shugaban ƙasa ne kawai zaɓe. Tun daga ranar Baba yake zaune a ƙofar gida, mutumin da ba ya iya wuni ba ciniki. Ku gaya min, wa zai ga ubansa haka ya yafe?

Da zaɓe ya zagayo kansilan ya sake tsayawa takara. An ƙara sabbin rumfunan zaɓe, an raba mutanen unguwarmu, an mayar da da yawa wata sabuwar rumfa can bayan asibiti. Matan Islamiyyarmu ba su sani ba, kuma duk magoya bayansa ne, don shi ya gyara musu rijiyar burtsatse. Ni suke kawo wa katinsu in duba musu a waya, wai ni ce 'yar boko. Na duba, na ga an canza musu wuri, na ce, "Ku je firamare inda kuka saba, ba abin da ya canza." Suka yi layi cikin rana har bayan azahar, kafin a gaya musu ba nan ba ne. Waɗanda suka samu abin hawa zuwa sabuwar rumfar suka tarar an rufe layi. Wallahi ba zan ɓoye ba, da na ji ya rasa ƙuri'unsu daɗi na ji, har abinci na ƙara. Na ce a raina, to ga wadda ba ta zaɓe, ramin mugunta ai shi ya fara haƙawa.

Wadda ta tsaya min a wuya ita ce Inna Laraba, maƙwabciyarmu, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ta dawo tana ɗingishi, ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ba laifinki ba ne, ke dai kin yi mana ƙoƙari, Allah Ya yi miki albarka." Ina jin kunyarta, amma shi ko kaɗan ban ji tausayinsa ba.

Yanzu an ce zaɓen bai kammalu ba, tazarar kaɗan ce, kuma an soke na sabuwar rumfar saboda hatsaniya, za a sake ranar Asabar. Wannan karon matan sun san wurin, abin da ba su sani ba shi ne ko su ma za su iya zuwa tunda ba su jefa ba a farko. Ni kuwa na san za su iya. Jiya suka cika min falo suna tambaya, Inna Laraba a gaba. Na ce su ba ni zuwa Juma'a in bincika.

Idan na faɗi gaskiya shi zai ci, ya riƙa wuce Baba a mota. Idan na ce ba za su iya ba, za su yarda, su zauna a gida, su kuma sa min albarka. Har yanzu so nake ya faɗi, ban huce ba. Gobe Juma'a. Me zan yi?