Ki Zuba, Ki Cire Hannunki

Zuwa ga mahaifiyata, Dada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in shaida miki cewa Baba ya ci abinci. Na san za ki ce wannan ma labari ne? Labari ne, Dada, don wata biyu muka yi muna fama.

Shekara ɗaya bayan rasuwarki jininsa ya hau, gaɓoɓinsa suka kumbura, likita ya ce ya bar nama. Kin dai san mijinki. Mutumin da ya tashi cikin shanu, wanda sai ya laluba miya ya ji tsoka kafin ya yi bismillah. Ya ce shi ba akuya ba ne da za a tara masa ganye. Sai ya sha shayi ya ture kwano. Rigunansa suka fara yi masa yawa, tsoro ya kama ni. Na koma tsayawa a kansa ina magiya, har ya fara tafiya masallaci tun ba a kira salla ba, don dai ya huta da bakina.

Sai na tuna awararki, duk da ya sha cewa abincin 'yan makaranta ce. Na auno waken suya a Kasuwar Gombe, na jiƙa, na kai niƙa, na tace. Na ajiye ruwan tsamin kamu ya kwana biyu, kamar yadda kike yi a gidanmu na Madaki. Sau uku ina yi tana ƙin haɗuwa, sai ta fito tsaki-tsaki. Na ɗora wa waken laifi, na ɗora wa mai inji. Ki yafe mini, har ke na ji haushi, na ce kin tafi ba ki koya mini ba.

Ashe kin koya mini, ni ce mai kunnen ƙashi. A karo na huɗu madarar ta taso, na ɗauki ludayi zan juya, sai na tuna yadda kike buge mini hannu kina cewa, "Ki zuba, ki cire hannunki. Awara ba ta son naci." Na zuba ruwan tsamin na koma gefe. Ina kallo ta dunƙule da kanta, fara sol.

A gindin murhun nan na gane abin da nake yi wa Baba. Na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka da daddawa, na yanka awarar a ciki. Na ajiye masa a tabarma ban ce uffan ba, na shige ɗaki. Wallahi ko leƙe ban yi ba, duk da zuciyata tana tsakar gida.

Da na fito ɗaukar kwano, wayam.

Yanzu wata rana acca da zogale nake yi masa, wata rana dambu ko alkama da wake, awara kuwa kullum. Makon jiya likita ya auna shi ya ce jinin ya sauka. A hanyar dawowa, cikin Keke, na yi ta hamdala har Baba ya ce in rage murya.

Saura abu ɗaya da ya kamata ki sani. Kin tuna awarar da take raguwa a faranti, kina tsare mu da tambaya muna rantsuwa? Jiya Baba ya ɗauki yanka ɗaya, ya jujjuya shi, ya ce taki ta fi tawa laushi. Na ce ina ya sani, shi da bai taɓa ci ba? Sai ya kau da kai, idonsa ya ciko.

Dada, ba mu ba ne.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya ciyar da ke abin da ya fi wanda kika ciyar da mu. Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Taki har kullum,
Autarki, wadda ta fara jin magana.