Wata Ukun da Na Ɗauke Maka

Garden City, Kansas
6 ga Maris, 1994

Zuwa ga ƙanena Tuong, a Sa Dec,

Gaisuwa mai yawa a gare ka, kai da maiɗakinka Nhan da yara duka. Ina roƙon Sama da kakanninmu su sassauta maka tarin nan, su ba ka barci mai daɗi, su sa lemun lambu ya yi 'ya'ya bana. Mu nan lafiya lau, gwargwadon lafiyar tsufa. Diep tana fama da sanyin gwiwa, amma ba ta fasa ɗinki ba. 'Yarmu Thuc ta shiga makarantar koyon jinya, har ta fara gyara mini Turanci a gaban mutane. Ni kuma ina nan a mahautar shanu, ni da wuƙa tun asuba, yatsuna sun kai ba sa naɗewa sai na jiƙa su a ruwan zafi.

Wasiƙarka ta iso mako uku da suka wuce. Ban yi saurin amsawa ba don na kasa. Ka ce ofishin Amurkawa ya sake mayar maka da takardunka, saboda doka ta ce sai wanda ya cika shekara uku a sansanin horon da aka tsare mu bayan yaƙi, wanda suke kira gyaran tarbiyya, za a ɗauka zuwa nan, kai kuwa takardar sakinka ta nuna shekara biyu da wata tara. Ka ce akwai wani mutum a Saigon da zai yi maka sabuwar takarda mai cikakkiyar shekara uku, amma abin da yake nema ba zai samu ba sai an sayar da lambu. Kuma ba a sayar da lambun da mahaifiyarmu Má da mahaifinmu suke binne a cikinsa sai da hannun babban ɗa. A ƙarshe ka rubuta, "Anh Hai, babban yaya, ashe ka fi ni wayo, ka zauna ka cika naka." Na san da wasa ka faɗa, irin tsokanarka tun muna yara. Amma na karanta layin nan ya fi sau talatin, ban yi dariya ba ko sau ɗaya.

Akwai abin da ba ka sani ba, don ni na roƙi Má ta rufe shi. A shekarar saba'in da takwas ta zo mini ziyara a sansani, bayan tafiyar kwana biyu, da busasshen kifi da gishirin barkono a kwando. Ta ɗage gashinta ta nuna mini kunnenta, babu 'yan kunnen aurenta. Ta ce ta sami wanda zai karɓi kuɗinsu ya saki mutum ɗaya, ɗaya tak, kuma ni ta zaɓa, don babban ɗa ne ke kunna wa kakanni turare. Na tambaye ta labarinka a naka sansanin, sai da na matsa ta ce zazzaɓi ya mayar da kai kamar tsinke. Na ce mata ta fitar da kai, ni ina da ƙashi, zan jure. Ta yi kuka ta ce ina saɓa wa al'ada, na ce kakanni za su yi haƙuri. Haka ka fita, ni na cika shekara shida. Na daɗe ina ganin wannan ne abu mafi kyau da na taɓa yi a duniya. Wa zai ce mini bayan shekara goma sha ɗaya wasu mutane za su zauna a teburi su auna wahala da kalanda? Wata ukun nan da kake nema, ni na ɗauke maka su da bakina.

Ka tambaye ni ko sabon shugaban nan zai sassauta dokar, tun da watan jiya ya ɗage takunkumin ciniki. Tuong, na gaji da dogara ga shugabannin ƙasar nan, amma ba zan yi musu ƙarya ba. Nixon ya sa hannu a kan sulhu ya kwashe sojojinsa, aka ce mana idan an karya sulhun za su dawo. Aka karya, shi kuma rigimar gidansa ta cinye shi. Ford ya buɗe ƙofa ga waɗanda suka kai bakin jirgi, mu sojoji muna can muna jiran umarni. Carter ya ƙara yawan waɗanda za a karɓa daga masu tsere a kwale-kwale, kuma mutane da yawa suna raye yau saboda haka, dole in faɗa. A zamanin Reagan aka yi ta ciniki a kan ɗauko mu tsofaffin fursunoni, a zamanin Bush aka ƙulla, ni na ci moriya, 'yata tana karatu. Ba zan tofa wa rijiyar da na sha ba. Sai dai kowane ɗayansu idan ya ba ka da dama, akwai ma'auni a hagunsa. Yanzu Clinton ya buɗe wa kaya hanya. Kwalbar lemo za ta riga ni isa Sa Dec, kuma ba wanda zai tambaye ta shekara nawa ta yi a tsare.

Akwai wani dattijo da muke aiki tare, Phuoc, manjo ne a da, yanzu tumbi yake wankewa. Da na ba shi labarinka sai ya ce ai laifinka ne, wa ya ce ka yi saurin warkewa daga tarbiyya. Ya yi dariya, daga baya ya juya baya yana goge ido da gwiwar hannu. Shi ya raka ni wajen matar da ke taimaka wa 'yan gudun hijira da takardu. Ta ce idan aka gane takardar jabu ce, ƙofar za ta iya rufuwa gare ka har abada. Ta ce hanya mai tsabta ita ce in zama ɗan ƙasa, nan da shekara biyu, sannan in nema maka, layin 'yan'uwa kuwa ya fi shekara goma. Na tambaye ta ko layin yana jiran mai ciwon ƙirji. Ta ce ta yi baƙin ciki, kuma na ga da gaske take.

Kar ka ɗauka aljanna ka rasa. Ranar tunawa da Má, Diep ta dafa naman alade da ƙwai yadda take so, na kunna turare, sai na'urar hayaƙi da ke rufin ɗaki ta fara ihu har maƙwabta suka fito. Na hau kujera na cire ta, ina tsaye a sama da turare a hannu, babban ɗan da bai ga gawar uwarsa ba. Kai ka wanke ta, kai ka sa mata shinkafa a baki, kai kake share kabarin duk sabuwar shekara. Ni suna kawai na riƙe.

To ga amsata. In shawara kake nema, kar ka sayar. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma ina tsoron mutumin nan ya cinye lambun ya bar ka da takarda. Amma sau ɗaya na yanke maka hukunci ba tare da na tambaye ka ba, da zuciya ɗaya na yi, ga inda ya kai mu. Ba zan sake ba. A cikin ambulan nan akwai takarda da sa hannuna, na bar maka lambun da gidan da kaskon turaren kakanni. Daga yau kai ne babba. In ka riƙe, na gode maka. In ka sayar, ba zan taɓa tayar da maganar ba. Abu ɗaya nake roƙo: kafin mai saye ya shigo, ka je gaban Má ka kunna turare uku, ka ce mata Khiem ne ya ce a yi. Ta saba jin haka daga gare ni.

Ka gaida Nhan, ka ce na gode da yadda take kula da kai. Ka gaida Gwaggo Sau, da 'ya'yanka Loc da Ngan. Diep da Thuc suna gaishe ku. Maganin tarin da na sa a ƙunshi ka sha shi da kanka, kar ka raba wa maƙwabta kamar na bara.

Yayanka da ya cika shekarunsa,
Khiem