Giɓin Hadiza

Arlit, daren Laraba, cikin bazara.

Tarin nan ya hana ni zuwa masallaci yau, ƙafafuna kuma sun kumbura.

Da la'asar jikata Hadiza ta kawo mini kunu, tana rufe baki da mayafi. Na ce, "Amarya, yau kuma kunyar miji ake ji?" Ta yi dariya, sai na ga giɓi.

Bara da ta faɗi haƙorinta na gaba ya karye, ni na kai ta wurin likita. Da Faransanci ya yi mini bayani: saiwar haƙorin ba ta gama girma ba, bakin saiwar a buɗe yake. Za a riƙa zuba farin magani a ciki ana sauyawa har ta rufe, sannan a cike haƙorin. Saura sauyi ɗaya likitan ya koma Agadas. Ɗana Sani, ubanta, ya rantse mini zai kai ta, ko da cikin ayarin da soja ke wa rakiya ne.

"Baba wurin wanzami ya kai ni aka cire," in ji ta. "Ya ce tunda ɗanye ne, wani zai fito. Kaka, yaushe zai fito?"

Na taɓa ce wa Sani saiwar ɗanya ce, amma sau nawa na gaya masa ba haƙorin nono ba ne? In tsoron hanya ya ji, me ya hana ya faɗa mini?



Na aika a kira shi, ya ce sai bayan isha'i. Na bar ƙofa a buɗe, bai zo ba.