Dillali a Maƙerar Kowa

Bogura, 4 ga Disamba

Zuwa ga uwargida, Maman Tuni,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da ƙanwarki Shefali da jaririn da Allah ya ba ta. Yaya sanyin Rangpur? Yaya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau, sai haƙuri da shinkafar 'yarmu Tuni, wadda in ba ta caɓe ba to ta ƙone. Na rubuto ne na ba direban mota, don na san halinki da waya: in na kira, sai duk gidan Shefali sun ji sirrina, har maƙwabta.

Albishirinki, ci gaba ya iso layinmu. Wasu matasa da suka gama jami'a sun kama tsohon siton dankali, sun yi masa farin fenti, sun rataya allo: Maƙerar Kowa. Wallahi wuri ya yi kyau. Maƙera ce da ake cire takalmi kafin a shiga. Ba hayaƙi, ba ashar, kowa da yatsunsa goma cif. Duk wanda ya ga dama ya shigo ya taɓa kowane inji, har a tambaye shi ko zai sha shayi. Shekara ashirin da biyu ina zaga maƙerun garin nan, ban taɓa ganin inda ake koyar da sana'a ba mari ba. Ashe ana iyawa, ko da yake ban ga wanda ya iya ba tukuna.

Shugabarsu wata injiniya ce, Tahmina, kowa Apa yake ce mata, wato Yaya, har masu furfura. Tana da wata fitila da take haska ƙarfe da ita, sai siffarsa ta fito a kwamfuta, wani inji kuma ya gina ta da roba kamar zanzaro na ginin ɗaki. Siffar da Abbanki ke kwana goma sha biyu yana sassaƙawa da katako, kafin a danna ta a yashi a zuba narkakken ƙarfe a gurbin, ita wuni biyu ta gama.

To ga maganar. Haji Sobhan, shugaban ƙungiyar manoman Sariakandi, ya ba ni aikin farfela ɗari biyu na injinan ban-ruwansu, yana so kafin dashen shinkafar rani. Kin san shi ne babban abokin cinikina. Kin kuma san sana'ata: Haji bai san mai ƙira ba, mai ƙira bai san Haji ba, ni kuwa a tsakaninsu nake tsintar abin da muke ci. Bana ban kai wa Abba aikin ba, na kai wa Apa. Kada ki gaya masa. Ba raini ba ne, sauri ne.

Ki gaishe da Shefali da maigidanta. Ki riƙa shafa man da na saya miki.

Naki,
Mozammel

Bogura, 19 ga Disamba

Maman Tuni,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ji jaririn ya yi mura, Allah ya sawwaƙe. Ni ma lafiyata ƙalau, in dai ta jiki ake nufi.

An zuba farfela ɗari biyu, an goge, na kai da kaina, suna sheƙi kamar kayan lefe. Kwana uku sai ga wayar Haji. Bai ko amsa sallamata ba. “Mozammel,” in ji shi, “farfela ka kawo mini ko cokulan dama koko? Inji na ihu kamar ana yanka shi, ruwa kuwa akuya ta fi shi.” Na ce wataƙila masu ɗaurawa ne. Ya ce, “Duka ɗari biyun? Irin shinkafarmu ya isa dashe, sati biyu ya rage. In ya tsufa a bakin rafi, kai za mu dasa.”

Na garzaya wurin Apa da guda ɗaya, na cire takalmi, na fara faɗa. Ta bar ni na gama, ta ɗauko ma'auni, ta gwada sabuwar da samfurin da na kawo mata. Ko gashi ɗaya bai raba su ba. Sai ta ce, “Yaya Mozammel, ranar da ka kawo wannan na tambaye ka, sabuwa ce? Me ka ce mini?”

A nan ne zan gaya miki abin da ban rubuta ba a wasiƙar farko. Kamfanin da ya yi waɗannan injina ya daɗe da rufewa, don haka Haji ya ciro farfela daga wani tsohon inji ya ba ni a matsayin samfuri. Ni kuwa na yi abin da kowane dillali ke yi tun kafin a haife ni: na kankare lamba don kada a gane inda ta fito, na goge tsatsa, na shafa fenti. Da ta tambaye ni, na ce sabuwa fil. A ina kika taɓa jin dillali ya ce kayan hannunsa tsoho ne? Baki ne ya amsa, ban ma yi shawara da shi ba.

Ashe farfelar nan shekara goma sha ɗaya ta yi tana jan ruwan kogin Jamuna, yashi ya cinye gefunanta. Fitilar Apa kuwa ba ta san ƙarya ba, abin da ta gani shi ta kwafa. Mun haifi farfela ɗari biyu, kowacce da shekara goma sha ɗaya a duniya.

Apa ta ce za ta sake aikin, amma ba ta san yawan abin da yashi ya ci ba, kuma babu sabuwa ko ɗaya a ƙasar da za a gwada. Sai na sayi kindirmo tukunya biyu, na tafi wurin Abba.

Ya karɓi kindirmon. Ya karɓi farfelar, bai ko sa tabarau ba, ya bi gefenta da babban yatsa, ya ce, “Wannan ta sha yashi shekara goma, ko sha ɗaya. Wa ya yi wa tsohuwa kwalliya?” Ya ce, “Suruki, na ji yanzu a wurin masu fitila kake ɗinki. Ka koma su haska maka.” Ya juya ga katakonsa.

Maman Tuni, ke kaɗai yake jin maganarki. Wannan karon ki kira shi, ko duk Rangpur za su ji.

Mijinki,
Mozammel

Bogura, 6 ga Janairu

Zuwa ga Maman Tuni,

Bayan gaisuwa, ina fata kin tashi lafiya, da mai jego da kowa. Na gode. Ban san me kika ce wa Abba ba, amma washegari ya aiko a kira ni.

Sharaɗinsa ɗaya ne: sai ya ga injin, ya ga ruwan. Na ce ya huta, zan ɗauko masa injin har gida. Ya ce, “Kogin ma a aljihu za ka kawo mini?” Da yake kuma kwana goma sha biyun sassaƙarsa ba za su yiwu ba, dole a haɗa da Apa. Haka muka cika keke mai ƙafa uku, ni da shi da ita, zuwa Sariakandi. Duk hanya ina addu'ar taya ta fashe. Ba ta fashe ba.

Haji ya tarbe mu a bakin kogi. Na yi iya ƙoƙarina na tsaya tsakaninsa da Abba, amma gona ba shago ba ce, ko'ina hanya. Abba ya buɗe inji, ya zura hannu, ya ɗebo ruwa ya murza a tafinsa. Haji ya dube shi ya ce, “Tsaya, kai ne ka yi mana na bara waccan?” Abba ya ce, “Da na shekara tara kafin ita.” Haji ya ce, “Ikon Allah! Mozammel ya ce mini daga Dhaka yake kawowa.” Abba ya ce, “Ni ma ya ce mini Indiya yake kaiwa.” Suka yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, don ba a bar mini wani aikin ba.

Sauran ba shi da tsawo. Abba ya shiga Maƙerar Kowa, ya ɗauki siffar robar, ya riƙa ɗora kakin zuma a gefunanta da yatsa yana mayar mata da abin da yashi ya ci. Apa ta haska, ta ce, “Baffa, yaya ka san iya nan ne?” Ya ce, “Ke yaya kika san gishiri ya ji a miya?” Ta ce ba ta iya girki ba. Ya ce ya lura. Tun daga nan suka shirya. An narkar da tsofaffin jariran nan ɗari biyu, an sake zubi, ruwa ya hau gona saura kwana biyu. An yi dashe.

Babu wanda ya zage ni. Haji ma ya aiko mini da buhun shinkafa, sai dai jiya na gan shi a Maƙerar Kowa, yana shan shayi da Abba, suna zana wani injin sussuka a takarda. Sun gaishe ni da fara'a, sun matsa mini kujera a gefe. Abba yanzu yana da tebur nasa a can, ranar Asabar yana koyarwa, kuma an ce bai mari kowa ba tukuna.

Ki dawo in an gama arba'in, gidan ya yi faɗi. Gaisuwa ga Shefali da maigidanta da jariri.

Naki har kullum,
Mozammel

Af, na manta. Da zan fita Apa ta biyo ni da katin shiga, kyauta. Ta ce ƙofa a buɗe take, injina na kowa ne, in zo in ƙera duk abin da na iya. Ke da kika zauna da ni shekara goma sha tara, ki tuna mini: me na iya?