Buhun Takalman Ƙwallo

Daren Alhamis, Riyad

Injiniya Kabiru ya sake kirana yau. So yake in bar ƙungiyarmu ta ƙwallo, ta leburori 'yan gida, in koma horar da tasu, mai filin ciyawa da fitilu. Wallahi raina ya biya. Na gaji da filin tsakuwa, na gaji da aikin banza: da zarar ɗan wasa ya goge, sai kwangilar aikinsa ta ƙare ya koma gida.

Amma duk mai tafiya, ni yake bar wa takalman ƙwallonsa saboda na baya. Buhun na ƙarƙashin gadona, warinsa ya ishi abokan ɗakina.

Ɗazu bayan Isha'i wani baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa, ko iƙamarsa, takardar izinin zama, ba ta fito ba. Ya ce, "Sannu Koci, an ce idan na sauka in nemi mai takalma." Ashe Bala, golanmu da ya koma bara, shi ya kwatanta masa ɗakina tun daga Gusau.

Takalman Balan ne suka yi masa daidai, kuma ashe shi ma gola ne.

Kabiru na jiran amsa gobe da safe. Ni kuwa gobe da safe ina da sabon gola da zan gwada.