Hagun Malamin Bidiyo

Zuwa ga Mai Girma Yayata, garkuwar zuriya, shugabar masu rabon nama a gidanmu,

Bayan dubun gaisuwa, yaya ƙafar Inna? Ni lafiya ƙalau, in ban da robar ruwan da 'yan kallo ke jifana da ita.

Na zama alƙalin ƙwallon kwando na unguwa. Da bidiyo aka horar da mu, na fito cike da ƙarfin gwiwa. Ashe malamin bidiyon fuskantata yake, damansa haguna ne. Duk wanda ya yi laifi, shi nake nuna a ba wa ƙwallo. Har yanzu ban gane ba, ni na juye ko filin? Asabar in na sake kuskure, za a karɓe usur ɗina.

Saboda haka, ranki ya daɗe, ki aiko tsohon agogona in ɗaura a hagu, in daina rikita shi da dama.

Ƙaninki mai biyayya