Ƙararrawar da Ilinka ba ta kaɗa ba

Zuwa ga 'yata Lidiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can Italiya. Allah ya ƙara miki haƙuri. Mu nan da sauƙi, sai gwiwar nan da ta hana ni tsayuwa a coci. Mun cire masara, inabi kuwa ƙanƙara ta yi mana ɓarna.

Lidiya, an rufe makarantar ƙauyenmu. Wai yara sun yi kaɗan, ba za a ɓata itacen hunturu a kansu ba. To daga ina yaran za su fito, alhali masu haihuwar duk kun watse? Ba gori nake miki ba, na san abin da ya kore ki. Kin tuna ranar buɗe makaranta, yadda babban ɗalibi ke saɓa ƙaramar yarinya a kafaɗa, ta zaga fili tana kaɗa ƙararrawar farko? Bana 'yarki Ilinka aka zaɓa. Wata da watanni tana gwaji da ƙararrawar akuya, wanki Anatol yana ɗauke da ita, yana tsokanarta wai ta fi buhun dankali nauyi. Ranar na gyara mata gashi, muka tsinko furanni a lambu, muka je muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Malama Evdokiya na tsaye a waje, ta ce ita ma sai da safen aka sanar da ita. Ilinka ta miƙa mata furannin, ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi.

Aka ce mota za ta riƙa kai su makarantar garin gaba. Ta yi ta zuwa har ruwa ya sauka, yanzu direban ya ce ko an ɗaure shi ba zai shiga taɓon nan ba. Anatol ya gwada da keken doki, dokin ya gurɗe. Yarinya tana gida tana korar kaji, 'yan baƙaƙen da ta koya sun fara guje mata.

Sau nawa kika roƙe ni ita, na ce sai bayan raina? Na janye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Zo ki ɗauke ta kafin sanyi ya rufe hanya. Gidan zai yi mini faɗi, zuciyata ta karye, amma ki zo. Ban faɗa mata ba tukuna. Kullum da safe sai ta saka ƙararrawar akuyar nan a jakarta, wai ko za a buɗe.

Ki gaida Dorina 'yar gwaggonki da mijinta Vasile. Anatol yana gaishe ki.

Mahaifiyarki,
Paraskoviya